Yaushe Ake Tsinkar Wardi? Jagorar Girbi, Shanya da Sarrafa Furen

A kwarin Kazanlak na ƙasar Bulgeriya, daga tsakiyar watan Mayu zuwa tsakiyar Yuni, masu tsinkar wardi kan shiga gona tun da asuba, su fito kafin hantsi ya dubi ludayi. Furen da ya buɗe a safiyar nan kaɗai suke cira, saboda mai suke nema, kuma rana na ɗagawa man yana bin iska. Sai an tara tan uku zuwa huɗu na fure kafin a tatso kilo ɗaya na man wardi, don haka ba mai wasa da sa'a guda. Masu haɗa magunguna na dā a garin Provins na Faransa kuwa ba sa jiran furen ya buɗe. Tun yana dunƙule suke yanke shi, su cire farin gindinsa, su shanya. Haka manoman gundumar Pingyin a lardin Shandong na ƙasar Sin suke yankar wardin da ake sha a shayi tun yana dunƙule har yau. Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Furen wardi ba abu ɗaya yake ɗauke da shi daga farkonsa zuwa ƙarshensa ba, kuma wanda bai yanke shawarar abin da zai yi da shi ba tun kafin ya shiga lambu, zai tsinka ne da ka.

Wannan jagora ta wanda yake son sinadaran kariya ne da ke cikin fallayen furen, waɗanda masana ke kira antioksidan: inda suke taruwa, lokacin da suka fi yawa, da yadda za a kai su kofi ba tare da an zubar da rabinsu a hanya ba.

Abin da ke cikin fallen

Duk halittar da ke shaƙar iskar oksijin tana samar da wasu ɓurɓushin sinadarai masu zafin kai, waɗanda ke far wa kitse da furotin da bangon ƙwayoyin halitta su lalata su. Tsiro ya fi mu shan wannan wahala, domin yana tsaye a rana yini guda ba ya iya komawa inuwa. Shi ya sa yake ƙera wa kansa sinadaran da ke tare waɗannan ɓurɓushi. A fallen wardi, manyansu iri uku ne.

Na farko su ne masu launi, wato antosayanin, waɗanda ke ba fure ja da ruwan hoda. Masanin kimiyyar nan na Jamus, Richard Willstätter, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1915, ya nuna cewa sinadarin da ke sa wardi ja shi ne dai wanda ke cikin wani shuɗin fure da ke fitowa a gonakin alkama na Turai. Danginsu ne ke cikin zoɓo, don haka duk matar da ta taɓa matsa lemun tsami a zoɓo ta ga jan ya ƙara haske, ta riga ta san halinsu. Na biyu su ne filabonol, musamman kwasetin da kamferol, waɗanda kusan ba su da launi a idonmu amma suna tare hasken rana mai ƙuna. Farin wardi ma yana da su. Na uku su ne masu bauri: tanin da sinadarin galik, dangin abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Wardi mai ruwan ɗorawa yana da ƙarin karotin, irin na karas da manja, amma wannan ba ya narkewa a ruwa, don haka mai shayi ba zai same shi ba.

Mutane da yawa na ɗauka cewa furen da ya fi ja shi ya fi amfani. Wani bincike da aka buga a 2006, wanda aka gwada shayin nau'o'in wardi goma sha biyu da koren shayi, ya nuna wasu nau'o'in sun yi kafaɗa da kafaɗa da koren shayin, wasu ma sun zarce shi, amma ƙarfin bai bi yawan launi ba. Masu baurin ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Harshe ya fi ido iya auna wannan al'amari.

Ƙamshi kuwa gidansa daban. Sitronelol da jeraniyol da nerol da wani mai suna feniletanol su ne ke tashi zuwa hanci, kuma tashin nan nasu shi ne bambancinsu da waɗancan ukun, waɗanda ba sa bin tururi ko kaɗan. A riƙe wannan, za a buƙace shi idan an zo kan ruwan wardi.

Yadda furen ke sauyawa

A tsaya gaban bishiyar wardi ɗaya a lokacin furenta, za a ga kusan dukkan matakan a rana ɗaya. Akwai ɗan ƙaramin dunƙule kore shar, mai tauri, wanda koriyar rigarsa ta rufe shi ruf. Akwai wanda rigar ta fara tsagewa har launi ya leƙo. Akwai wanda rigar ta koma baya, fallayen waje sun fara saki amma tsakiyar na naɗe. Sai wanda ya buɗe sarai har ana ganin zaren tsakiya masu ruwan ɗorawa, sannan wanda ya kwana biyu a buɗe, gefensa ya fara yaushi, ana taɓa shi fallaye na zuba.

A matakan farko biyu ne masu bauri da filabonol suka fi cunkushewa. Dalilin a fili yake: a cikin dunƙulen nan ne iri ke kwance, kuma ƙwari da fumfuna duk suna harinsa, sai tsiron ya cika fallayen da abin da zai ɓata wa mai ci baki. Akwai kuma dalili na biyu da ya kamata mai lissafi ya gane. Girman da fure ke yi a kwanakinsa na ƙarshe kafin buɗewa ba ƙarin sababbin ƙwayoyi ba ne sosai. Tsofaffin ne ke kumbura. Sitacin da aka ajiye a fallen yana narkewa ya zama sukari, sukarin ya jawo ruwa, fallen ya faɗaɗa ninki-ninki. Sinadaran da ke cikinsa sai su bazu a fili mai faɗi. Masu bincike a Jami'ar Ljubljana ta ƙasar Sulobeniya sun bi furen wardi mataki-mataki a wajen 2009 da 2010, suka tarar dunƙulallen fure ya fi buɗaɗɗe yawan kwasetin da sauran danginsa, alhali launi shi ƙaruwa yake yi yayin da furen ke buɗewa, sannan ya ja baya idan ya tsufa. Ƙamshi shi ne ɗan autan zuwa: yana kai ƙololuwa ne a safiyar da furen ya buɗe, lokacin da ake gayyatar ƙudan zuma.

Bayan nan sai gangara. Da furen ya gama aikinsa, tsiron ya fara janye abin da zai iya janyewa daga fallayen. Sinadaran da ke share ɓurɓushin nan masu ɓarna suna rauni, bangon ƙwayoyin ya fara yoyo, abubuwan da a dā suke ɗaki daban-daban suka haɗu. Tsamin da ke cikin ruwan fallen ya ragu, shi ya sa jan wardi da ya tsufa yake juyewa zuwa wani dusasshen shunayya. Gefen fallen da ya koma ruwan ƙasa kuwa alama ce cewa sinadaran kariyar sun riga sun ƙone a wurin, kamar yadda goro ke sauya launi bayan an ɓare shi an bar shi a iska.

To wane mataki za a zaɓa? Idan shayi ake so, mai ƙarfi, wanda zai daɗe a kwalba, a tsinki dunƙulen da launi ya leƙo amma bai saki ba. Koren dunƙule na farko ya fi kowa bauri, sai dai ba ƙamshi ba launi, kuma nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Mai gona da ya girbe shi ya yi asarar fure don abin da ba wanda zai sha da daɗi. Idan kuma ana son haɗin launi da ɗanɗano, don kwaɓawa da sukari ko zuma, mataki na uku ya fi, wato mai rabin buɗewa. A ganina shi ne mafi adalci ga mai lambun gida, domin bai rasa komai gaba ɗaya ba. Buɗaɗɗen safiya na ruwan wardi ne da turare. Wanda ya fara zuba a bar wa taki.

Nau'in wardin da kansa yana iya rinjayar matakin. Buɗaɗɗen furen wani nau'i kan fi dunƙulen wani ƙarfi, haka nan ƙasa da sanyi da yawan rana duk suna da hannu. Abin da aka faɗa a sama kwatanci ne tsakanin furannin bishiya ɗaya.

Wane wardi

Wannan gargaɗi ya fi duk sauran muhimmanci: wardin da ake sayarwa a naɗe cikin leda don kyauta ko kwalliyar biki ba na ci ba ne. Yawancinsa daga manyan gonakin Kenya da Habasha da Kolombiya da Ekwado yake fitowa, an yi masa feshin maganin ƙwari da na fumfuna a matsayin kayan ado, ba a matsayin abinci ba, kuma wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga jikin fallen. Haka nan dashen da aka sayo daga masu sayar da furanni a bakin titi: a bar furen farko ya wuce, a jira sabon toho da ya fito a hannunka, ba feshi.

Wardin da duniya ta sani da ci da sha kaɗan ne. Akwai na Dimashƙa, wanda shi ake nomawa a Kazanlak, da Isparta ta Turkiyya inda aka kai shi a 1888, da Kashan ta Iran inda ake ce masa furen Muhammadi, da Kelaat M'Gouna ta Maroko. Danginsa ne wardin Ɗa'ifa, wanda ake girbewa a tuddan Alhada da Asshafa wajen Maris zuwa Afrilu, wanda alhazai ke sayo turarensa, kuma ruwan wardi na cikin abin da ake haɗawa da Zamzam wajen wankin Ka'aba. Hukumar UNESCO ta sa al'adun noman wardin Ɗa'ifa cikin jerin gadon ɗan Adam a 2024. Akwai jan wardin Faransa na masu magani, akwai kuma na ƙasar Sin mai kaushin ganye.

Na Dimashƙa yana son sanyin hunturu na gaske kafin ya yi fure sosai, kuma sau ɗaya yake yi a shekara. A ƙasa mai zafi yakan yi ganye ya hana fure. Manoman filayen Indiya masu zafi sun fi dogara da wani nau'i da suke kira Edward, mai jure rana, mai fure kusan duk shekara. Mai lambu a Jos yana da zaɓi mai faɗi. Na Kano ko Maraɗi ya nemi duk wani tsohon nau'i mai ƙamshi, ja ko ruwan hoda, da ya ga yana rayuwa a gidajen unguwarsu, ya karɓi reshe ya dasa. A ɗanɗana falle ɗaya kafin a yi wahala. Wanda ba ya ƙamshi, yawanci shayinsa ma lami ne.

Tsinka

A shiga da safe bayan raɓa ta ɗauke, kafin rana ta yi zafi. Masu tatsar mai suna tsinka da raɓar a jiki saboda tukunya za su kai shi nan take, amma mai shanya ba ya son jiƙaƙƙen fure. Kada a tsinka ranar da aka yi ruwa. A yanke da almakashi ko a karya da yatsa daidai ƙarƙashin ƙullin gindin furen, a jefa a kwando ko ƙwarya mai faɗi. Ban da leda, ban da dannawa. Furen da aka tsinka yana ci gaba da numfashi, kuma idan aka tara shi tuli a buhu, cikin sa'o'i kaɗan tsakiyar za ta ɗau zafi ta fara ruɓa. Duk inda falle ya murje, nan ne duhu ke fara bayyana.

A zazzage a kan farin zane a inuwa na ɗan lokaci don ƙananan ƙwarin da ke ɓuya a ciki su fice. Idan lambun naka ne kuma ba ƙura, ba sai an wanke ba. Idan dole ne, a tsoma a ruwan sanyi sau ɗaya a tsame, a baza a kan zane ya tsane sarai. Jiƙawa na janye launi da sinadaran, domin masu narkewa a ruwa ne.

Dunƙule ana barinsa yadda yake. Mai rabin buɗewa da buɗaɗɗe kuwa a kama fallayen gaba ɗaya da hannu ɗaya, a murɗe gindin da ɗayan, a kaɗe zaren tsakiya. Farin ɗan gindin da ke ƙasan kowane falle yana da ɗaci. Masu kwaɓa wardi da sukari a Turkiyya da ƙasashen Balkan kan datse shi da almakashi. Aiki ne mai cin rai, kuma mai shayi zai iya tsallake shi.

Shanya

Nan ne aka fi tafka asara, fiye da wajen zaɓen mataki. Wanda ya tsinka a daidai lokaci ya baza a rana tsaka, wanda ya tsinka a makare ya shanya a inuwa ya fi shi. Hasken rana kai tsaye yana kashe antosayanin, yana kuma korar ƙamshi. Cikin ɗan lokaci jan fure zai fara kodewa. A gefe guda, shanyar da ta yi jinkiri tana ba sinadaran da ke baƙanta fallen damar yin aikinsu, ga fumfuna. Abin nema shi ne bushewa da sauri a inuwa mai iska.

A samu faifai ko matankaɗi ko firam da aka ɗaure wa ragar gidan sauro, a ɗora a kan wani abu yadda iska za ta ratsa ta ƙasa. A baza fallayen shimfiɗa ɗaya, kada wani ya hau wani. Ɗaki mai tagogi biyu ko rumfar da rana ba ta shiga ya isa. A lokacin hunturu iskar arewa kan gama aikin cikin kwana biyu zuwa uku, sai dai a rufa wani siririn mayafi a sama saboda ƙura. Da damina sai an taimaka da fanka, ko na'urar busar da abinci a kan digiri 35 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas. Tanda ta gida tana da wuyar sha'ani domin mafi ƙarancin zafinta ma yakan zarce haka. In ita kaɗai ke akwai, a ɗumama ta a kashe, a sa furen, a bar ƙofar a ɗan buɗe. A riƙa motsa fallayen sau ɗaya a rana da yatsu, a hankali.

Dunƙule ya fi ɗaukar lokaci, mako guda ko fiye, kuma yana da yaudara: waje ya bushe, ciki da danshi. A fasa guda biyu ko uku a duba. Idan tsakiyar ba ta marmashe a yatsa ba, da saura. Falle da ya bushe sosai yana ƙara idan an murza shi, launinsa ya fi na ɗanye duhu, ruwan hoda ya koma ja-ja, ja ya koma kusan ruwan hanta. Wannan duhun ba laifi ba ne, ruwa ne ya fita launin ya taru. Ruwan ƙasa shi ne laifi. Fiye da kashi huɗu cikin biyar na ɗanyen falle ruwa ne, don haka kilo biyar zuwa shida ne ke ba da kilo ɗaya busasshe.

A zuba a kwalbar gilashi mai murfi da ta bushe sarai, a rubuta wata da matakin da aka tsinka, a ajiye a cikin kabad mai duhu nesa da murhu. A duba bayan kwana biyu: idan gumi ya bayyana a jikin gilashin, a juye a sake shanyawa. Kada a daka sai ranar amfani, saboda gari ya fi saurin shan iska. Daga wata shida zuwa shekara ƙarfinsa yana nan. Bayan haka ƙamshi ne ke fara tafiya, launi ya bi shi.

Daga kwalba zuwa kofi

Shayin ba shi da wahala. Cokali babba ɗaya a cike na busassun fallaye, ko dunƙule biyar zuwa shida da aka ɗan fasa, ga kofi ɗaya. A tafasa ruwa, a sauke, a bar shi minti ɗaya, a zuba a kai, a rufe na minti biyar zuwa goma. Rufewar don ƙamshi ne, daɗewar don masu bauri. Ba a dafa shi a kan wuta kamar zoɓo. Ruwan zai fito da wani dusasshen launi mai ban takaici. A ɗiga lemun tsami kaɗan, nan take zai koma ruwan hoda mai haske, kuma tsamin yana taimaka wa launin ya daɗe. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa yana mai da shi kore-kore ko toka-toka. Tukunyar baƙin ƙarfe kuwa baƙanta shi take yi, ta alminiyam ma tana ɓata launin. Gilashi, tangaran, langa marar tsaga ko ƙarfen da ba ya tsatsa su suka dace.

Tanin yana rage yawan sinadarin ƙarfe da jiki ke tsotsa daga abinci, kamar yadda baƙin shayi ke yi. Mai ƙarancin jini da mai juna biyu su raba shi da lokacin cin abinci da lokacin shan maganin ƙarin jini.

A Indiya da Pakistan ana yin wani kwaɓi da ake kira gulkand. Ana auna ɗanyen falle da sukari nauyi ɗaya, a murza su tare da hannu har fallen ya yi laushi ya fitar da ruwa, a danna a kwalba mai faɗin baki, a rufe, a riƙa fitar da ita rana na wasu sa'o'i kullum har mako biyu zuwa huɗu, ana juyawa da busasshen cokali duk bayan kwana biyu. Ranar tana cin wani ɓangare na launin, wannan ba makawa; wanda ya damu ya naɗe kwalbar da zane, ɗumin ya shiga hasken ya tsaya a waje. Ana iya yi da zuma, amma da busasshen falle, don ruwan ɗanye yana tsinka zumar ta yi tsami. Gulkand alewa ce, mai ciwon sukari ya ɗauke ta a haka.

Ruwan wardi da abin da yake barowa a tukunya

Yadda ake yi a Kamsar kusa da Kashan, da Ɗa'ifa, da Kannauj ta Indiya, tushensa ɗaya: fure da ruwa a tukunyar tagulla, wuta a ƙasa, tururi ya bi bututu ya huce ya ɗiga. A gida ana kwaikwayon wannan da babbar tukunya. A kifa ƙaramin kwano a tsakiya, a ɗora wani a kansa a buɗe, a zuba fallaye kewaye, a zuba ruwa daidai ya rufe su, a kifa murfin tukunyar a juye yadda marikinsa zai kalli kwanon, a ɗora ƙanƙara a kan murfin. Wuta kaɗan-kaɗan, minti talatin zuwa arba'in, ana kwashe narkakken ruwan ƙanƙarar ana ƙara sabuwa. Abin da ya taru a kwano shi ne ruwan wardi, kuma fari ne tas kamar ruwan sha. Duk ruwan wardin kasuwa da aka ga yana da launin hoda, kala aka zuba masa.

Farinsa ɗin nan shi ke gaya maka abin da babu a ciki. Antosayanin da filabonol da tanin ba sa tashi da tururi. Ruwan wardi na gaskiya ƙamshi ne, mai kyau a girki da shafawa, amma wanda ya saye shi don antioksidan ya sayi ɗan abin da bai kai ya kawo ba. Kayan suna can a jan ruwan da ya rage a gindin tukunya, wanda masana'antu suka daɗe suna zubarwa, wanda kuma yanzu masu bincike a Bulgeriya da Turkiyya ke neman hanyar cin moriyarsa. Mai yi a gida ya tace shi, ya matsa lemun tsami, ya sa a firji, ya sha cikin kwana biyu ko ya dafa shi da sukari ya zama sirop. Zafin ya rage masa launi, amma masu baurin suna da juriya.

Gwajin da za a iya yi a kicin

A ɗakin bincike ana auna ƙarfin da wani ruwa mai launin shunayya da ake kira DPPH, wanda ke kodewa zuwa ruwan ɗorawa gwargwadon ƙarfin abin da aka ɗiga masa. Sakamakon irin wannan gwaji yana nuna abin da ya faru a kwalbar gwaji ne, ba a jikin mutum ba, domin hanji ɗan kaɗan yake tsotsa daga waɗannan sinadarai, hanta kuma ta sauya musu kama. Saboda yadda 'yan kasuwa suka riƙa tallata kaya da irin waɗannan alƙaluma ne ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ƙarfin antioksidan na abinci a 2012. Shayin wardi abin sha ne mai daɗi, marar kafeyin, mai ɗauke da sinadarai masu kyau. Duk wanda ya ce yana warkar da daji ko hawan jini, kuɗinka yake so.

Amma don kwatanta furannin lambunka da juna, akwai dabara mai sauƙi. A ɗebi busasshen dunƙule, da mai rabin buɗewa, da buɗaɗɗe, duk daga bishiya ɗaya, a marmashe kowanne, a auna nauyi ɗaya da ƙaramin sikeli. Cokali ba zai yi ba, don dunƙule ya fi falle nauyi. A jiƙa su a ruwan zafi daidai wa daida, minti goma, a tace a kofunan gilashi uku. A fara kurɓa a ji wanda ya fi kama harshe. Sannan a daka ƙwayar maganin ƙarin jini guda ɗaya, irin mai sinadarin ƙarfe, a narka a rabin kofin ruwa, a ɗiga ɗigo biyar a kowane kofi. Ruwan zai juye shuɗi-baƙi, irin baƙin da dukawa ke samu idan ruwan ƙarfe ya hau fatar da aka jeme da bagaruwa. Wanda ya fi duhu shi ya fi tanin. Idan duk ukun sun yi baƙi ƙirin har ba a bambancewa, a sirka kowanne da ruwa kofi ɗaya a sake dubawa a jikin farar takarda. Ruwan gwajin ba na sha ba ne, a zubar da shi nesa da yara, kuma yana kama tufafi.